Lambar Mushe Tijani

Saƙon ya shigo talhon Alhaji Abdulmumini ranar Litinin, biyu ga watan Satumba na shekarar 2024, jim kaɗan bayan azahar. Yana zaune a ƙofar kantinsa da ke unguwar Tahaggart a birnin Tamanrasset, can ƙetaren iyakar Nijar ta arewa, tsakanin katan-katan na taliya da buhunan dabino masu jiran motar kudu. Da ya kara talhon a kunne sai ya ji muryar wani dattijo tana rawa don murna.

"Salamu alaikum, Alhaji. Sadiƙu ne, diraktan lekkol ɗin da ƙanenka Tijani yake koyarwa. Albishirinka! Jerin sunaye ya fito, sunansa na ciki, za a ba shi matirkil. Amma da sharaɗi. Kowa sai ya bayyana da kansa a Damagaram, da katinsa na ɗan ƙasa a hannu, kafin ranar ashirin da uku ga wata ta wuce. Wanda bai zo ba za a ɗauka ya bar aiki, a sa wani a gurbinsa. Na nemi lambarsa ba ta shiga, an ce ya sayar da talhon a Arlit ya yi kuɗin mota. Don girman Allah ya taso yau, kada ya kwana."

Sau uku Abdulmumini ya saurari saƙon. A karo na uku ya rage muryar har sai da ya matse talhon a kunne kafin ya ji.

Wanda bai zauna Nijar ba, da wuya ya san nauyin wannan kalma. Matirkil lamba ce kawai a kan takarda, amma ita ce ke raba cikakken ma'aikacin gwamnati da ɗan kwantaragi. Tun ƙarshen shekarun 1990, da bashin waje ya shaƙe ƙasar, masu ba da rance suka ce a rage abin da ake kashewa a kan albashi, sai aka shiga ɗaukar malamai a kan kwantaragi. Aji ɗaya suke shiga da masu lamba, alli ɗaya suke riƙewa, amma abin da ake ba su kaɗan ne, kuma babu fansho a ƙarshensa. Gwamnatoci sun zo sun wuce, kowace da alkawarinta na ba su lamba. Tijani ya shekara goma yana jira a wani ƙauye na ƙasar Kance. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe iyakoki, aka toshe asusun ƙasa, har gwamnati ta kasa biyan masu bin ta bashi a kan lokaci, kuma ƙasar da bankuna ke tsaye a ƙofarta, malamin ƙauye ne na ƙarshe a layi. Da aka yi hutun damina Tijani ya bar matarsa Sauda da 'ya'ya uku, ya hau kamiyo, babbar motar kaya, ya zo wurin wansa neman abin da zai riƙe gida.

Daga inda yake zaune Abdulmumini yana hango shi. Tijani ya ajiye katan a ƙasa, ya tsuguna gaban wata tsohuwa 'yar Tanut, yana duba wata takarda da ta miƙo masa. Mutum biyu na tsaye a bayanta, kowa da tasa takardar. Wata biyu ke nan da zuwansa, amma duk unguwar ta san shi. Balaraben da ke ba Abdulmumini sari, wanda shekara goma sha biyar bai taɓa tashi tsaye dominsa ba, ranar da ya ji Faransancin Tijani sai da ya jawo masa kujera ya sa aka kawo shayi.

Wannan kujerar ba ta bar zuciyar Abdulmumini ba. Ai shi ma ya yi lekkol, makarantar boko. Shekara uku a jere shi ne na ɗaya, har malaminsu ya ce wannan yaro likita ne. Sai ranar sha biyu ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, mahaifinsu kuwa masinja ne a wani buro, wato ofishin gwamnati, watanni suna taruwa ba albashi. Aka cire Abdulmumini daga ajin ƙarshe, aka ɗora shi a kan buhunan wata mota mai zuwa arewa. Da guminsa aka sayi littattafan Tijani da takalmansa. Amma har yau in Inna ta kira daga gida, takan ce, "Alhaji, saƙo ya iso, Allah ya yi albarka," sannan ta cinye sauran mintocin da labarin Mushe.

A Nijar, tun zamanin Faransawa, malamin lekkol Mushe ake ce masa, daga kalmarsu ta girmama namiji. Amma Hausa tana da nata mushen, wato dabbar da ta mutu ba yanka, wadda ake ja a yar a bayan gari. Bambancin biyun a bakin mai faɗa yake. Abdulmumini ya ƙware wajen faɗarta ta yadda kowa zai ji ta biyun, ba kuma wanda zai iya kama shi da laifi.

"Mushe!" ya kira, yana jan kalmar.

"Na'am, Yaya."

"Wa ya ba ka izinin buɗe buro a ƙofar kantina? Kaya na jiran lodi, kai kana karatun wasiƙun mata."

"Takardar likita ce, Yaya. An rubuta mata ƙwaya ɗaya sau uku a rana, ita kuwa uku take haɗiya lokaci guda. Shi ya sa take jiri."

Tsohuwar ta ɗaga hannu tana sa masa albarka, shi da uwar da ta haife shi. Abdulmumini ya ji albarkar ta wuce ta gefen kunnensa ba ta taɓa shi ba, alhali uwarsu ɗaya. Ya dubi talhon da ke hannunsa. Da zai ce, ga saƙonka, da an gama. Maimakon haka ya rubuta wa Dirakta kalma biyu, "Ya iso," ya sa talhon a aljihu.

"Shirya kayanka," ya ce. "Abokina yana gina magaze na ajiye kaya a In Amgel, bakin hanyar manyan motoci. Yana neman mutum. Can kuɗin ya fi."

"Har zuwa yaushe, Yaya? Komawa lekkol ta matso."

"In lokaci ya yi ni zan gaya maka. Katinka na nan a akwatina, ba abin da zai same shi."

Al'ada ce a tsakanin baƙin Tamanrasset, sabon zuwa ya danƙa wa babbansa takardunsa da ladan aikinsa ajiya, don kada su salwanta a wurin kwana ko a hannun ɓata-gari. Tijani ya bi al'adar tun ranar da ya sauka, bai taɓa tambayar ko nawa ya tara ba. Washegari da safe ya hau bayan motar Mahamane, direban da ke yi wa Abdulmumini jigila, aka yi arewa da shi kilomita ɗari da talatin, nesa da tashar da mutanen Kance ke sauka da labaran gida.

Kwana shida bayan haka, suna cin abincin rana a gida, Dirakta ya sake kira. Abdulmumini ya tashi da sauri ya nufi zaure, amma muryar dattijon mai ƙarfi ce, gidan kuwa ƙarami. Da ya dawo ya tarar matarsa Gwamma ta ajiye cokali.

"Alhaji, wace lamba ce ta fito?"

"Maganar maza ce."

"Na ji sunan Tijani. Na ji ka ce yana hanya. Wace hanya? Ba In Amgel ka aika shi ba?"

Abdulmumini ya zauna, ya gyara rigarsa, ya ɗauki muryar da yake yi wa ƙananan 'yan kasuwa nasiha da ita. "Gwamma, ke ba ki sauraron rediyo. Ƙasar nan tamu rance take ci ta biya rance. Wanda ya ci bashi ya biya bashi, da me zai biya malami? Lambar da za su ba shi takarda ce. Mahaifinmu yana da lamba, na gan ta da idona, an sa ta a gilashi an rataye a ɗaki. A ƙarƙashinta muka kwana da yunwa. Ni ina tsare yaron nan ne daga abin da ya ci ubanmu."

"Yaro? Mutum mai 'ya'ya uku?"

"Ni na raine shi."

"To, ka gaya masa mana. Ka ce ga lamba ta fito, ga shawarata. In ya ƙi, kansa. In ya bi, ka samu lada."

"Ba zai fahimta ba. 'Yan boko ba su ganin rami sai sun faɗa."

Gwamma ta dube shi. Shekara goma sha tara suna tare, ta san inda muryarsa ke sauyawa. "Alhaji," ta ce a hankali, "ba yunwar Tijani kake tsoro ba. Ƙoshinsa kake tsoro."

Ya ture kwanon ya fita ba tare da ya wanke hannu ba. A hanya yana ta ba kansa amsoshin da bai ba ta ba. Shi da ya kwana a ƙarƙashin mota yana ɗan shekara sha uku. Shi da ya koyi Larabci da Tamahak, yaren mutanen wurin, a bakin masu zaginsa. In Tijani ya samu lamba, ranar sallah a gida shi za a shimfiɗa wa darduma kusa da maigari, a ce ma'aikacin gwamnati ya iso, shi kuma a ce ga Alhaji mai taliya. Zai tsufa yana karɓar fansho a inuwa, alhali ɗan kasuwa ranar da ƙafarsa ta daina zuwa kanti, ranar cinsa ya tsaya. Wa ya biya wannan inuwar? Da ya kai nan sai ya ji abin da ya yi bai kai zalunci ba, gyaran awo ne kawai.

Ranar sha biyu ga wata ya bi Mahamane zuwa In Amgel da sunan kai siminti. Wurin fili ne a bakin kwalta, ba itace ko ɗaya, manyan motoci na wucewa suna girgiza ƙasa. Ya tarar da leburori sun fake a inuwar bangon da suke ginawa. Da farko bai gane ƙanensa ba. Kwana tara kawai, amma wuyansa ya zurma cikin riga, gashinsa ya yi fari da ƙurar siminti. Maigidan wurin bai ba su safar hannu ba, siminti ya ci tafukan Tijani, ya tsattsaga yatsun har sun daina lanƙwasuwa sosai. Ya naɗe na dama da tsumma. Yana tari irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji.

Wani abu ya motsa a cikin Abdulmumini, har ya buɗe baki. Sai idonsa ya sauka a kan bangon. An rubuta baƙaƙe da gawayi, manya-manya, layi uku. Wani ƙato ɗan Maraɗi mai furfura a gemu yana tsugune yana kwaikwayon na farko da yatsa a cikin yashi.

"Alhaji, ƙanen nan naka alheri ne," in ji ƙaton. "Jiya na rubuta sunana. Shekara arba'in da biyar ban taɓa ganin sunana ya fito daga hannuna ba."

Abin da ya motsa a cikin Abdulmumini ya koma ya kwanta.

"To, madalla," ya ce. "Mushe ko a jeji sai an taru a kansa."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Tijani ya yi kamar bai ji ba. Ya jawo wansa gefe.

"Yaya, ba wani labari daga gida? Kafin in taso an ce wataƙila jerin sunaye ya fito bana."

"Shekara nawa ana cewa bana?"

"Goma."

"To, ka ba kanka amsa. Ba labari."

Tijani ya gyaɗa kai, ya dubi hannunsa. "Gaskiyarka. Amma ko ba lamba zan koma, yara na jira. In da hali a ba ni wani abu daga ajiyata in aika wa Sauda. Hatsinsu ya kusa ƙarewa."

"Kuɗin na cikin kaya. Ni ma Balarabe na bina. Ka bari ƙarshen wata."

Tijani ya yi murmushi, leɓensa na ƙasa ya tsage. "Ƙarshen wata. Yaya, ashe kai ma ka iya yaren gwamnati."

A hanyar dawowa sau biyu Mahamane yana satar kallon Abdulmumini. 

Ranar Talata, sha bakwai ga wata, da hantsi, Tijani ya shigo kantin. Ba sallamar da ya saba yi mai tsawo. Ya tsaya a gaban teburin, ƙura har gira, yana numfashi da ƙyar.

"Yaya, an ce sunana ya fito."

"Wa ya ce?"

"Ba shi ne abin tambaya ba. Ya fito ko bai fito ba?"

Masu sayayya biyu suka ajiye abin da ke hannunsu suka fice. Abdulmumini ya san ko wace ce ta aika, ya kuma san ko wane direba ne ya kai. Ya jawo carbinsa.

"Wani ya yi magana mai kama da haka. Ban tabbatar ba, shi ya sa ban tayar maka da hankali ba."

"Tun yaushe?"

"Kwanaki."

"Tun biyu ga wata, Yaya. Ina tsugune a can, wajen ƙofa, kana saurara." Muryar Tijani ba ta tashi ba, wannan ne ma ya fi ƙona wa Abdulmumini rai. Da ya yi zagi, da an samu abin riƙewa. "Ban zo faɗa ba. Saura kwana shida. In na samu mota yau, In Gezzam gobe, Arlit jibi, Agadas, in Allah ya so in shiga Damagaram ranar Lahadi. Ka ba ni katina da kuɗin mota kawai. Sauran ajiyar na bar maka, halak malak."

"Ka bar mini? Kai ne za ka bar mini wani abu?" Abdulmumini ya miƙe. "Takalmin da ka fara shiga aji da shi, wa ya saya? Ni na bar aji don kai ka zauna. An taɓa tambayata ko ina so?"

"Ina da shekara huɗu a lokacin, Yaya."

"To, yanzu ka girma."

"Na sani kai ka biya. Ban taɓa tsayawa gaban allo ban tuna ba. Amma in ka hana ni, ba za a mayar da kai aji ba. Abin da ka biya ne zai zube."

Abdulmumini ya san gaskiya ce. Amma ya lura da yadda maganar ta fito a tsare, kowace kalma a mazauninta, irin maganar wanda aka bari ya gama karatu. Ko roƙo ma ya fi shi iyawa.

"Makullin akwati ya ɓace," ya ce. "Ana nema. Ka dawo gobe."

Da la'asar ya tafi tasha da kansa. Ya zauna da direbobin kudu, aka sha shayi, aka yi hirar tsadar mai da ruwan da ya cika kwari a makon jiya. Da zai tashi ya ce, kamar abin da ya tuna yanzu, ƙanensa ba shi da lafiya, zafin rana ya taɓa masa kai, yana ta maganar tafiya. Duk wanda ya ɗauke shi, da kuɗi ko bashi, to, ya nemi wani mai ba shi lodi. Ba wanda ya tambaye shi dalili. Rabin motocin da ke wurin da taliyarsa suke cika.

Laraba Tijani ya dawo, aka ce masa gobe. Ya zauna a kan benci a ƙofar kanti tun safe har la'asar, yana tari, ba ya karanta wa kowa takarda.

Ranar Alhamis bai zo ba. Wajen ƙarfe goma Mahamane ya shigo, ya cire hularsa yana murza ta a hannu.

"Alhaji, an kama Mushe."

"A ina?"

"A shataletalen da leburori ke jiran aiki. Ina wurin. Motocin jandarma suka tsaya, kowa ya watse, har masu takarda. Shi kaɗai ya zauna a kan dutse. Da suka iso ya miƙe ya ba su hannuwansa. Ya ce musu da Faransanci shi ɗan Nijar ne, ba shi da izinin zama, a mayar da shi gida."

Abdulmumini ya ajiye carbinsa. "Hauka yake yi?"

"Lissafi ya yi, Alhaji. Jiya ya same ni a tasha. Ya roƙe ni in kai shi ko In Gezzam ne, na ce ba ni da iko." Mahamane ya dubi ƙasa. "Sai ya ce ya ji ana cewa motocin da ke mayar da baƙi za su tashi jibi, kyauta ne har Assamaka, bakin iyakar Nijar. Ya ƙirga a yatsu, ya ce zai isa ranar Litinin da safe in an yi sa'a. Na ce masa, Mushe, waɗannan motoci ba su da ranar tashi, sai an tara mutanen da za su cika su. Ya ce to, ka kawo wata hanyar. Ban da ita."

Da Abdulmumini ya koma gida ya tarar da akwatin ƙarfen a buɗe a tsakar ɗaki, makullin a jiki. Gwamma tana zaune a bakin gado.

"Ni na ɗauka daga aljihunka jiya kana wanka," ta ce. "Na ba shi katinsa. Na ba shi 'yan kunnena ya sayar, ya dawo mini da su, ya ce ba direban da zai karɓi kuɗinsa. In saki ne, ga ni."

Bai sake ta ba. Bai kuma je inda ake tsare da mutanen ya tambaya ba, ko da yake ya san wanda zai iya yi masa magana. Ya ce wa kansa shiga irin wannan wuri haɗari ne ga mai kanti. Ranar Litinin, ashirin da uku ga wata, ya buɗe kanti da wuri, ya yi ciniki mai kyau. Yana ta jiran ya ji sauƙin da ya yi tsammani, irin na wanda aka cire wa ƙaya. Har ya rufe bai ji ba.

Sai ranar takwas ga Oktoba Inna ta kira. Muryarta ta tsufa fiye da yadda ya bar ta.

"Alhaji, ɗan'uwanka ya iso."

"Alhamdu lillahi. Lafiya dai?"

"Da sauƙi. Kwana tara suka yi a tsare kafin motoci su tashi, sannan aka yi ta jira a Assamaka. Ya shiga Damagaram bayan an rufe da kwana goma sha ɗaya. Ya je buro, Dirakta ma ya raka shi, har kuka dattijon ya yi. Suka ce gurbin da kuɗin gwamnati ya iya ɗauka ƙidayayye ne, an riga an ba wani. Kwantaragin ma an soke, an rubuta ya gudu daga aiki." Yana jin kukan akuya a bayanta. "Shekara goma, Alhaji. Hannunsa na dama har yanzu ba ya riƙe cokali sosai."

Abdulmumini ya jira. Ya san abin da ke tafe, ya ma shirya amsoshinsa tun makonni.

"Na tambaye shi yadda aka yi saƙo bai same shi da wuri ba. Ya ce yana can wani ƙauye ne inda talho ba ya kamawa. Ya ce kai ka yi iyakar ƙoƙarinka."

Amsoshin da ya shirya, ba inda zai kai su.

"Amma ka ji ikon Allah," Inna ta ci gaba, muryarta ta ɗan washe. "Da mutanen gari suka ji, sai suka taru wurin maigari. Suka ce sabon da za a turo ya zo ya yi nasa, su dai ba su yarda 'ya'yansu su rabu da Tijani ba. Sun kafa masa rumfar zana a bayan masallaci, kowane gida zai ba da tiya biyu ta hatsi in an yi girbi. Da hagu yake rubutu yanzu, yara na yi masa dariya. Jiya sai da aka ƙara tabarma."

"Tiya biyu," in ji Abdulmumini. "Wannan ai ba ya riƙe gida."

"Ba ya riƙewa. Shi ya sa na kira. Sauda da yara sai ka riƙa tunawa da su duk wata."

"To, Inna."

Masana sukan ba da lissafin bashin ƙasa da biliyoyi, su faɗi shekarar da aka ci da shekarar da za a gama biya. Ba su faɗin inda ake biyan. A cikin gidaje ake biyansa. A 1994 an biya wani kaso da yaro ɗan shekara sha uku da aka sauke daga benci aka ɗora a kan mota, ba wanda ya ba shi haƙuri, ba wanda ya ma rubuta sunansa. Yaron ya riƙe abin shekara talatin, kuma da ya tashi karɓar hakkinsa bai nufi waɗanda suka ci rancen ba, don bai san ƙofarsu ba. Ya nufi wanda ya ba shi katinsa ajiya. Direbobi sun gani, maƙwabta sun gani, kowa ya duba lodinsa ya yi shiru. Mace ɗaya ce ta yi magana, ita ma sai da kwanaki suka ci rabinsu.

Abdulmumini ya ajiye talhon. Gwamma tana tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya, ta ji komai. Ta jira ko zai ce Allah ya yafe masa, ko ya ce a nemo masa mota zuwa gida.

 Ya juyo, idanunsa jajur.

"Kin ji?" ya ce. "Ba lamba, ba albashi, ba hannu. Kuma wai sai da aka ƙara tabarma."